Tsofaffin Wasannin Bidiyo da Har Gobe Ba Sa Gundura: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini game da tsofaffin wasannin bidiyo, wasu daga waɗanda suka taso a shagon gem na unguwa suna son su koma ruwa, wasu daga matasan da suka buɗe ido da babbar waya a hannu, wasu kuma daga iyaye. Inda magana take buƙatar tsawo na tsawaita, inda ba ta buƙata na taƙaita.

Wane wasa ne ake kira tsoho?

Babu wata hukuma da ta yanke shekara. A nan ina nufin duk abin da ya fito daga zamanin Pac-Man, wato 1980, zuwa ƙarshen tashen PlayStation 2 da PSP. Cikinsu akwai na kaset irin na Nintendo da Sega, da na faifai, da na tsohuwar kwamfuta, har da na ƙananan wayoyin Nokia.

Anya ba kewar ƙuruciya ce kawai take sa ku yabon waɗannan wasanni ba?

Wani lokaci ita ce, ba na musu. Amma akwai hanyar gwadawa mai sauƙi: miƙa wa yaron da bai san tarihin wasan ba, wanda ba shi da wata kewa, ka koma gefe ka zuba ido. Wasu wasannin zai ajiye kafin ka juya. Wasu kuwa sai kun yi rigima kafin ya saki hannun gem ɗin. Waɗannan na biyun nake magana a kansu.

Dubi farkon Super Mario Bros., wanda Nintendo ya fitar a 1985 ƙarƙashin Shigeru Miyamoto. Mario yana tsaye a gefen hagu, fuskarsa na kallon dama, gabansa fili fetal. Ba rubutu, ba mai yi maka bayani, amma ka gane inda za ka nufa. Ɗan abokin gaba ya tunkaro ka a hankali, ko ka tsallake ko ka mutu, to ka koyi tsalle ke nan. Ka doki tubalin nan mai alamar tambaya da ka, naman kaza ya fito ya gangara dama, ya bugi koren bututu, ya juyo kanka. Kai kana zaton wani mugun abu ne, ka yi ƙoƙarin kauce masa, tubalan da ke samanka suka tare ka, ya taɓa ka, sai ga shi ka ƙara girma. Cikin ƙasa da minti guda an koya maka dokokin wasan kaf ba tare da an ce maka uffan ba. Kuma dukan wasan, da duniyoyinsa 8 da matakansa 32 da kiɗansa, bai wuce kilobait 40 ba, wato bai kai nauyin hoto ɗaya da kake ɗauka da wayarka ba. Saboda ƙarancin wuri har gajimare da ciyawar da ke cikinsa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya.

Haka Pac-Man na kamfanin Namco, wanda Toru Iwatani ya tsara. Wanda bai lura ba zai ɗauka fatalwowin nan huɗu yawo kawai suke yi, alhali kowace da halinta. Ja tana bin ka kai tsaye. Mai ruwan hoda tana nufin gabanka don ta tare ka. Shuɗiya tana auna inda kake da inda ja take kafin ta yanke hanya. Mai ruwan goro kuma tana biyo ka, in ta matso kusa sai ta janye zuwa kusurwarta. Ranar da ka gane wannan, wasan ya tashi daga guje-guje ya koma dabara.

Abin da ya haɗa su shi ne daɗinsu a hannu yake, ba a ido ba. Hoto yana tsufa, amma doka mai kyau ba ta tsufa, kamar dai dara: ramuka ne a ƙasa da 'yan tsinke da duwatsu, amma har yau dattawa na kwana a kanta. Ƙari a kan haka, wasan da ya cika yake zuwa. Ba ya neman data, ba ya katse ka da talla, ba ya ce maka sai ka sayi lu'ulu'u kafin ka wuce mataki na gaba.

Da wanne zan fara?

Da Tetris. Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, lokacin Tarayyar Sobiyet, sannan ya game duniya bayan ya fito a kan Game Boy a 1989. Siffofi bakwai ne ke faɗowa, kowace an yi ta da murabba'i huɗu, kai kuma ka jera su su cike layi ya ɓace. Kakarka za ta gane shi a zama ɗaya, amma gwanaye har yanzu ba su gama da shi ba. Tun 2010 ake gasar duniya a kan samfurin 1989 na NES, tsohuwar na'urar kaset ta Nintendo, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yara ne suka ƙwace gasar: a 2018 Joseph Saelee, yana ɗan shekara 16, ya doke Jonas Neubauer wanda ya ci kofin sau bakwai. Daga baya matasan suka fito da salon kaɗa yatsu a bayan hannun gem maimakon danna maɓalli da babban yatsa, abin da ya ba su saurin da a da ake ganin ba zai yiwu ba. A Disamban 2023 wani yaro ɗan shekara 13 daga jihar Oklahoma ta Amurka ya kai mataki na 157, wasan ya daskare don lissafinsa ya ƙare. Duk waɗannan yaran an haife su ne shekaru da yawa bayan fitowar wasan, don haka ba a ce kewa ce ta kawo su ba.

Bayan Tetris sai Super Mario Bros. 3 na 1988 da Super Mario World na 1990. A ganina su ne ƙololuwar wasan tsalle-tsalle. In kana son gudu, Sonic na Sega, musamman na biyu da ya fito a 1992. In kana da aboki a kusa, ku nemi Streets of Rage 2, shi ma na 1992: ku biyu kuna ratsa titi kuna dukan 'yan daba, kuna rige-rigen ɗaukar gasasshiyar kazar da ke mayar da ƙarfi.

Kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasanni miliyan tara da ɗoriya, da gaske ne?

Ba gaskiya ba ne. 'Yan wasanni ne ƙalilan aka maimaita sunayensu, wani a fara shi daga mataki na uku, wani a sauya masa launi. Na'urorin da ke cin irin wannan kaset ma ba na Nintendo ba ne, kwaikwayon Famicom ne, na'urar da Nintendo ya fitar a Japan a 1983, kuma yawancinsu daga Taiwan da Sin aka riƙa ƙero su. Su ne suka shigo kasuwanninmu da araha, shi ya sa da yawanmu muka san Mario ba mu taɓa ganin na'urar Nintendo ta asali ba.

Sai dai 'yan wasannin da ke ciki zaɓaɓɓu ne. Akwai wasan tankar yaƙi, wanda sunansa na asali Battle City, na Namco, 1985. Ku biyu kuna gadin mikiya da aka kewaye da jan bulo a ƙasan allo, tankoki 20 na abokan gaba suna fitowa daga sama a kowane mataki. Harsashinka na fasa bulo, naka da na abokan gaba duk ɗaya, don haka in ka yi garaje kai da kanka za ka harbe mikiyar taku, wasa ya ƙare nan take. Duk wanda ya taɓa yin haka ya san irin kallon da abokinsa ya yi masa.

Akwai kuma Contra na Konami, wanda ya zo NES a 1988. Rai uku gare ka, harsashi ɗaya ya taɓa ka ka tafi. A nan ne sirrin nan ya yi suna: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sai a ba ka rai 30. Kazuhisa Hashimoto ne ya fara saka shi a wani wasan, Gradius, don ya sauƙaƙa wa kansa gwaji lokacin da yake aikinsa. Contra yana gwada zumunci: a matakin hawan dutse mai ruwa, in ka yi sauri ka bar abokinka a ƙasa, allo zai haɗiye shi, shi kuma in rayukansa suka ƙare yana iya cirar naka.

Me ya sa har yanzu wasu ke cewa ba a yi wasan ƙwallo kamar PES 6 ba?

Nan fa aka zo wurin. Pro Evolution Soccer, wanda a Japan ake kira Winning Eleven, na Konami ne, kuma na shida ya fito a 2006 a kan PlayStation 2, na'urar da aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya. In ka kunna shi yau za ka ga fuskokin 'yan wasa sun yi kaushi, filin ma ba wani kyau. Amma buga minti biyar. Ƙwallon tana da nauyinta, ba ta manne wa ƙafar ɗan wasa. In ka ba da fasin a makare, mai tsaron baya zai tsinke shi. In ka karɓi ƙwallo kana fuskantar gidanku, sai ka juya tukuna, kuma juyawar na cin lokaci. Da wuya ka ci ƙwallo biyu iri ɗaya. Shi ya sa cin ƙwallo ɗaya tak a minti na 88 yake tayar da shago gaba ɗaya.

Ga kuma 'yan wasan da suka zama abin labari. Adriano na Inter Milan yana da ƙarfin shot 99, in ya saita ƙafar hagu daga wajen da'ira sai dai gola ya yi addu'a, har a wasu wuraren a kan yi sharaɗi kafin a fara cewa ba mai ɗaukar Inter. Kafin wannan, a zamanin PlayStation ta farko, wanda duniya ta sani da gudu shi ne namu, Tijani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ajax, wanda ya ci zinare da Najeriya a Olamfik ɗin 1996 kuma ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2000 a Legas. A Winning Eleven in ka tura masa ƙwallo ta gefen dama ka danne maɓallin gudu, an gama. Akwai mutane a Turai da Asiya da Kudancin Amurka da ba su taɓa kallon wasansa na gaske ba, amma har yau sun riƙe sunansa saboda wannan.

Sai Master League, inda ake ba ka ƙungiyar 'yan wasan ƙirƙira marasa ƙarfi, su Castolo da Minanda da gola Ivarov, ka yi ta fama da su kana tara maki har ka iya sayen tauraro ɗaya. Kamfanin bai da lasisin sunayen ƙungiyoyi da yawa, Liverpool ma Merseyside Red ake kiranta, amma ba wanda ya damu. Tun 2021 aka sauya wa jerin suna zuwa eFootball, ya koma wasan intanet na kyauta mai sayayya a ciki. Yana da masoyansa. Ni dai in za a zauna mutum biyu a benci ɗaya, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba, PES 5 da PES 6 nake zaɓa.

Wasannin faɗa fa?

Street Fighter II na Capcom, 1991, shi ne uban gidansu. Jarumai takwas, kowa da salonsa, kuma jera duka a jere ba tare da abokin karawa ya samu damar karewa ba, wanda yanzu kowane wasan faɗa ke tinƙaho da shi, a nan ya samo asali, ba ma da niyya aka tsara shi ba. Tekken 3, wanda ya zo PlayStation a 1998, har yau yana gudu sumul, kuma sabon shiga zai iya ɗaukar Eddy Gordo ya yi ta danna maɓallan ƙafa ya ba gwani wahala. Mortal Kombat na 1992 ya yi suna ne da jini, har ya jawo zaman majalisar dattawan Amurka a 1993, wanda ya kai ga kafa hukumar ESRB mai sanya wa wasanni alamar shekaru a 1994. In an cire jinin, Mortal Kombat na farko bai kai sauran biyun zurfi ba.

Me ya sa suke da wuya haka?

Dalili biyu ne manya. Da yawansu an fara yin su ne don injinan kasuwa da ake jefa wa kwabo, kuma mai inji ba ya son ka daɗe a kan kwabo ɗaya. Na biyu, kaset ba ya ɗaukar abu da yawa. Wasan da gwani zai gama cikin awa guda, in ana so ya yi wa mai saye watanni, dole a tsaurara shi. Ga shi kuma yawancinsu ba a ajiye inda aka tsaya, in wuta ta ɗauke sai ka koma farko.

Yanzu kusan duk hanyoyin zamani na buga su suna ba ka damar ajiyewa a duk inda kake so, wasu ma har da mayar da lokaci baya. Yi amfani da su, ba abin kunya ba ne, musamman ga magidancin da ba shi da yinin Asabar guda na zama. Shawarata kawai ita ce ka riƙa ajiyewa a farkon mataki, kada ka ajiye bayan kowane tsalle. In ka cire tsoron faɗuwa gaba ɗaya, ka cire rabin daɗin.

Ke nan duk tsohon wasa yana da kyau?

Ina! Tarkace sun fi yawa. A 1983 kasuwar wasannin bidiyo ta Amurka ta durƙushe saboda an cika ta da shirme, har kamfanin Atari ya binne kaset masu ɗimbin yawa a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, aka tono su a 2014. Waɗanda muke yabo yau su ne 'yan kaɗan da suka tsira daga tankaɗe da rairaya.

Waɗanda suka fi shan wahalar tsufa su ne na farkon zamanin hoto mai zurfi, wato 3D, a tsakiyar shekarun 1990. Tomb Raider na 1996 ya girgiza duniya a lokacinsa, amma yau juya jarumar kaɗai aiki ne, kyamara kuma sai ta maƙale a bango daidai lokacin da za ka yi tsalle. Zanen Super Nintendo da Mega Drive ta Sega, wanda aka yi ɗigo-ɗigo da hannu, ya fi su riƙe kyansa nesa ba kusa ba. Sai a zamanin PlayStation 2 abin ya daidaita, shi ya sa Resident Evil 4 da Need for Speed: Most Wanted, dukansu na 2005, har yanzu suke shiga hannu ba gargada.

Ba ni da na'ura. Zan iya bugawa a waya?

Ƙwarai. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura, ana ce musu imuleta. PPSSPP na wasannin PSP ne, kuma shi ne ya fi yawo a wayoyin matasanmu. DuckStation na PlayStation ta farko ne, PCSX2 na PlayStation 2 a kwamfuta, Dolphin na GameCube da Wii, RetroArch kuma yana tattara na'urori da yawa wuri guda. Masu iPhone sun samu shiga tun Afrilun 2024 da Apple ya buɗe ƙofa. Wasannin NES da Sega da Game Boy ko ƙaramar waya mai araha za ta ɗauke su, na PlayStation 2 ne ke son waya mai ƙarfi, kuma suna zafafa ta su sha caji.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Gilashin waya ba ya maye gurbin maɓalli: Mario da Contra da Street Fighter suna son yatsa ya ji abin da yake dannawa, don haka ka nemi hannun gem mai bulutut, ko mai waya ka haɗa da OTG. Sannan ka sauke manhajar daga Play Store ko shafin masu ita. Waɗanda ake turawa a guruf da sunan an buɗe komai kyauta, ta nan ake cusa wa mutane manhajar satar bayanai, a wayar da kake shiga asusun bankinka da ita.

Wani ƙarin bayani: PES na ƙarshe da Konami ya yi wa PSP shi ne na 2014. Duk wanda ka gani da sunan shekarar bana a PPSSPP, tsohon ne masoya suka sauya wa riguna da sunayen 'yan wasa.

Doka ta yarda da wannan?

Manhajar kwaikwayon ita kanta, kotun Amurka ta yanke a 2000, a shari'ar Sony da kamfanin Connectix, cewa yin ta ba laifi ba ne. Wasan da za ka zuba a ciki shi ne mai haƙƙi, kuma tsufa ba ya sauke haƙƙin mallaka. Nintendo musamman ba ya wasa da wannan: a 2024 masu manhajar Yuzu, wadda ke kwaikwayon na'urarsa Switch, sun amince su biya shi dala miliyan 2.4 suka rufe.

Hanyoyin halal suna nan. Nintendo Switch Online na ɗauke da tarin wasannin NES da Super Nintendo da Game Boy ga mai biyan kuɗin shekara. Shagon intanet na GOG, na ƙasar Poland, ya ƙware wajen gyara tsofaffin wasannin kwamfuta su yi aiki a sabuwa, kuma Steam ma na da su da yawa da araha. An kuma yi ƙananan na'urori masu wasanni a ciki, irin NES Classic na 2016 mai wasa 30 da Mega Drive Mini na 2019 mai 42. Matsalar ita ce wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 an daina sayar da su a lokacin. Wannan abin takaici ne, kuma laifin kamfanonin ne da suka bar kayansu suna ɓacewa. Matsayina shi ne, abin da mai shi yake sayarwa kuma kana da hali, saya.

Ina son in sayi tsohuwar na'ura ta hannu. Me zan duba?

Fara da wuta, kafin komai. Wutarmu ta kai bolt 220 zuwa 240, ta Amurka 120, ta Japan 100. Na'urar da aka yi wa can in ka soka ta kai tsaye a bango, ƙauri za ka ji. Juya bayanta ko jikin adaftarta ka karanta abin da aka rubuta, in ba ta ɗaukar tamu sai ka haɗa da taransifoma mai rage wuta. Ko wadda ta dace da wutarmu ma, kada ka haɗa ta da janareta ba sitabilaiza.

Sai tsarin hoto. Na'urorin Turai PAL ne, irin na Najeriya, na Amurka da Japan kuma NTSC. In talabijin ɗinka ba ta karɓar duka biyun, hoton zai fito fari da baƙi. Kuma da yawan tsofaffin wasannin PAL sun fi na NTSC jinkiri da kusan kashi 17 cikin 100, saboda allon Turai na sabuntawa sau 50 a daƙiƙa, na Amurka sau 60. Wanda ya saba da Sonic na Turai, ranar da ya ga na Amurka zai ji har kiɗan ya ƙara sauri.

A na'urar faifai, idon da ke karanta faifan shi ne ke fara mutuwa. Kada ka yarda da cewa ai ta kawo wuta. Sa mai kaya ya saka faifai a gabanka, ku jira wasa ya buɗe, ka buga na ɗan lokaci, ka gwada kowane maɓalli da sandunan hannun biyu, ka tabbatar katin memori yana ajiya. In ka kai ta gida, ka riƙa rufe ta da ƙyalle in ba a amfani da ita, don ƙurar hunturu ba ta barin ido ko fanka lafiya.

Na haɗa da filasma, hoton ya yi muni, kuma bindigar harbin agwagwa ta ƙi aiki.

An zana waɗannan wasanni ne don tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, wadda ke narkar da ɗigon zane su haɗu su yi laushi. Filasma tana buɗe su ta shimfiɗa su a faɗi, tana kuma ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi a allo. Shiga saitin talabijin ka mayar da girman hoto 4:3, ka kunna yanayin gem in tana da shi. Bindigar Duck Hunt kuwa ba za ta yi ba, domin tana dogara ne da walƙiyar allo a daidai lokacin da ka ja kunama, kuma jinkirin sabuwar talabijin na ɓata lissafin. In akwai tsohuwar talabijin a ɗakin ajiya, kada a sayar wa 'yan gwangwan.

Hura kaset da baki yana gyara shi?

A'a. Cirewa da mayarwar ce ke sa haƙoran su zauna daidai, danshin baki kuwa tsatsa yake jawowa. Goge su da auduga da ɗan sifirit, ka bari ya bushe. In kaset ya daina riƙe ajiya, ƙaramin batirin da ke cikinsa ne ya mutu, mai gyaran rediyo zai iya sauya shi.

Ni uwa ce. Wanne zan bar yarana su buga?

Hajiya, tsufan wasa ba ya nufin tsabtarsa. Mario, Tetris, Sonic, Pac-Man, wasan tanka, Crash Bandicoot da wasannin ƙwallo, duk ba abin da zai tayar miki da hankali. Amma GTA: San Andreas na 2004 da God of War na 2005 da Mortal Kombat, su kansu masu yin su sun rubuta a jikin kwali cewa na manya ne. Akwai kisa da ashar da tsiraici a wasunsu, kuma sun cika shagunan gem inda ba mai tambayar shekarun yaro. Ki duba kwalin ko ki sa a duba miki: harafin M ko lamba 18 na nufin ba na yara ba ne.

Ta wani ɓangaren tsofaffin sun fi sababbin kwanciyar hankali. Ba baƙon da zai yi hira da ɗanki ta cikinsu, ba kuma inda zai danna kuɗi su fita daga asusunki. Suna da maɓallin tsayarwa, don haka in an kira salla ko an aike shi ba shi da hujjar cewa wasan ba ya tsayawa. Abin da za ki sa wa ido a shago shi ne sa kuɗi tsakanin yara a kan wanda zai ci, domin daga nan caca ke farawa. In da hali, gara na'urar tana falo inda kowa ke gani, ki ma karɓi hannu ɗaya ki gwada Tetris da su.

Kwamfutata tsohuwa ce, ba ta da ƙarfi.

Ta isa. Age of Empires II na 1999 wasan gina daula ne da yaƙi da dabara, akwai labarin Salahuddin a cikinsa tun fitowar farko, kuma a 2015 an ƙara masa daulolin Mali da Habasha da Barbar, har da labarin Sundiata da na Ɗariƙu bin Ziyad. Har yau ana gasarsa. Sabon samfurinsa na 2019 yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, na 2013 kuwa ya fi sauƙi. Prince of Persia na 1989 yana ba ka minti 60 cif ka kuɓuta daga kurkuku ka ceto gimbiya, kuma motsin jarumin na da kyau ne saboda Jordan Mechner ya ɗauki ƙaninsa a bidiyo yana gudu da tsalle, ya bi hoton ya zana. Doom na 1993 ma yana tashi a kusan kowace kwamfuta, sai dai shi na manya ne.

Macijin Nokia yana cikin lissafi?

Sosai ma. Ya fara fitowa a Nokia 6110 a 1997, na biyunsa kuma ya zo da 3310 a 2000, dab da shigowar GSM Najeriya a 2001. Ga mutane da yawa a ƙasar Hausa, maza da mata, shi ne wasan bidiyo na farko da suka taɓa bugawa, kuma dokarsa ɗaya ce: duk abin da ka ci yana ƙara maka tsawo, tsawon kuma shi ne zai kashe ka.

Ba na jin Turanci sosai. Zan ji daɗinsu?

Yawancin waɗanda na ambata ba sa buƙatar karatu ko kaɗan. Winning Eleven ma da Japananci ya riƙa zuwa mana, yara suka haddace jerin zaɓin da ido, suka san layi na nawa ne canjin ɗan wasa, suna kwaikwayon ihun mai sharhi Jon Kabira ba tare da sun san me yake cewa ba. Waɗanda ke son Turanci su ne masu dogon labari, irin The Legend of Zelda: A Link to the Past na 1991 da Chrono Trigger na 1995, inda sai ka karanta abin da mutanen gari suka faɗa maka kafin ka san inda za ka. Turancin nasu gajere ne kuma rubutun ba ya wucewa sai ka danna maɓalli, don haka ɗan sakandare zai iya bi da ƙamus a gefe. In ba ka kai nan ba tukuna, fara da Super Metroid na 1994: bayan gabatarwar farko kusan babu rubutu, taswira da launin ƙofofi ne ke nuna maka hanya.